Saƙo Zuwa Lusaka Daga Kan Dutsen Birni

Kuran ya yanke tun magariba, Fassuma,
Damagaram ta rufe ido, sama ta buɗe nata.
Na hau dutsen nan na bayan gidanmu,
har yanzu yana mayar da zafin da ya sha da rana,
na zauna kamar gurasa a tanda.

Kaza ta kwashe 'ya'yanta ta yi yamma da wuri.
Da ƙuruciya bakwai nake ƙirgawa,
yau biyar, ɗaya ma aron zuciya ce.
Zomo, kare, mai kare suna biye,
shekara sittin ina kallon wannan farauta,
ba a ci nama ba, ba a fasa gudu ba.

Kin ce a can farautar a kife take.
Kin ce damina na naɗe tabarma,
har kin sayi bargo,
mu kuwa muna bin mai kurar ruwa da jarka biyu,
ana duban gabas kamar mai bin ta bashi.

Kin ce kin nemi tauraron arewa kin rasa,
wannan da ba ya motsi,
wanda kakanki Malam Gwani ya bi da raƙuma har Agadas.
Ga shi nan, taƙi guda bisa rufin Zango.
Ban ce masa komai ba.

Sai da dare ya raba na juya kudu.
Can ƙasa, daf da kan giginya,
ga huɗun nan da kika kwatanta a waya,
kamar kusurwoyin ƙyallen da aka shanya a karkace.
Ke kina ɗaga kai ki gan su,
ni sai na leƙa ta tsakanin duwatsu.
Ashe duk bazara suna zuwa bakin garinmu
su tsaya ba sallama,
ni kuma ban taɓa tambayar daga ina ba.

Babu wanda ya koya mini sunansu.
Na tambayi Ladan, ya ce ba sa cikin lissafin shuka.

To, na raɗa musu naki.

Kuran ya dawo, unguwa ta yi shewa,
rabin sama ya ɓace.
Gwiwa na ciwo, zan sauka a hankali.
In kin fito gobe, ki duba na ƙasan,
mai hasken:
nan nake ajiye gaisuwa.