Ɗakin Kakata Mahala

A tsaunukan Kentaki, inda hanya ke gajiya
ta bar wa rafi sauran tafiya,
kakata Mahala ta share ɗakinta na gungume
don an ce mai wa'azi na tafe.

Elkana Begli. Manomi ne kamar kowa,
kwana shida a bayan garma,
na bakwai a kan alfadari.
Sau ɗaya a wata yake zagayowa,
wando jiƙe har gwiwa,
Littafi Mai Tsarki naɗe cikin fatar barewa.

Kujera uku ce a gidan.
Saura suka zauna kan buhun masara da bakin gado,
yara a ƙarƙashin tebur tare da kare.
Mutum tara. Kakata ta ƙirga
don ta san waken da za ta zuba a tukunya.

Kakana Jefta bai shiga ba.
Yana waje yana wasa gatari,
ya ce shi da Allah ba faɗa, ba kuma hira.
Amma taga a buɗe take,
gatarin kuwa ya sha dutse har ya rame.

Da ƙanƙara ta narke aka gangara rafi,
Elkana ya nitsar da mutum biyar,
suka fito haƙora na kaɗawa, suna dariya.

Sai watan da bai zo ba.
Alfadarin aka tsinta a maƙetara, sirdi a karkace,
Littafin na cikin jaka, ko ɗigo bai taɓa shi ba.

Lahadi ta zo, mutane ma suka zo,
ƙafa ta riga ta san hanya.
Aka yi jugum. Itace na ƙara a murhu.
Zilfa, 'yar shekara sha biyu, ita kaɗai ta iya karatu.
Ta buɗe, tana bin layi da yatsa,
tana tuntuɓe da sunayen annabawa.
Ba wanda ya gyara mata.
Wa ya iya?

Ranar da ɗakin ya kasa ɗaukar su,
har wasu na tsaye cikin yayyafi,
Jefta ya saɓa gatari bai ce uffan ba,
ya nufi itatuwan gefen gonar taba.

Majami'ar Baftis ɗin tana nan, an shafe ta da farin fenti.
Sunan Elkana ke jikin allo, ya kuwa cancanta.
Zilfa uwata ce.
Tukunyar waken tana wurina,
gindinta ya huje, na shuka albasa a ciki.