Layin Da Ya Ƙi Ƙarewa

Ƙarfe ɗayan dare a Jekadafari.
Fanka ta tsaya, batir saura kwata,
ni da baƙar tagar nan ta ƙasan manhajar rubutu
muna lissafin waken Alhaji Bappayo na Tudun Hatsi.

Na danna, ta amayo layi guda,
dogo kamar hanyar Dukku:
sunan dillali, garinsu, buhu nawa, bashi nawa.
Da ya iso bango bai yi sallama ba,
sai ya karye a tsakiyar lamba.
Miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu ne,
amma sifili uku sun zubo ƙasa
sun tsuguna a farkon wani layin kamar marayu.
Na karanta dubu da ɗari biyu.
Saura ƙiris in yafe wa Manu na Bajoga
bashin da ba nawa ba.

Na kama gefen taga na ja.
Sababbin layuka suka miƙe ƙafa,
tsofaffin suka zauna yadda suke,
ƙashin da aka ɗora a karkace.

Na ce to, a daina naɗewa.
Sai layin ya huda bango ya shige duhu,
kai a fili, wutsiya a rami.
In na bi kuɗin zuwa dama
sunan mai bashin ya ɓace a hagu.

Nan na tuna Baffa Jungudo yana huɗa a Kwami.
In shanu sun kai iyaka
ba ya barin garma ta ci gonar maƙwabci.
Tun da sauran taku yake ɗaga ta,
ya yi fito, su juyo.

Na tambayi taga: faɗinki nawa?
Ta ce harafi tamanin da huɗu.
Na koya wa shirin ya riƙa ƙirge,
ya nemi sarari tsakanin kalma da kalma
ya juya a can,
ragowar kuma ta matso ciki kaɗan
don a san 'yar layin sama ce.

Sifilai sun koma gidan ubansu.
Manu, bashinka na nan daram.

Na rufe kwamfuta, sauro na kuka a kunnena,
sannan abin ya faɗo mini:
gobe a waya Alhaji zai duba,
allonta ko tafin hannu bai kai ba.