Tafinta Ya Dawo Gida

Na dawo Sakkwato da akwati ɗaya
da kalma ɗaya maƙale a wuya.

Shekara bakwai ina cikin ɗan ɗakin gilashi,
na'ura a kunne, ruwan gora a gabana,
ina ɗauko magana daga wannan baki
in sauke ta a wancan,
kamar mai fito a gulbin Rima:
jirgin nawa ne, kayan na mutane.

Ƙasar da ke neman shiga ƙungiya
a ƙarshen tebur aka zaunar da ita,
inda fanka ba ta kaiwa.
Babi talatin aka ce ta cika.
Ta cika na kifi, ta cika na mudu da sikeli,
ta sallami alƙalai ta naɗa wasu,
har tambarin kwastan ta sake sassaƙawa.
A babi na goma sha tara muka cije
kan "za a" ko "ana iya".
Wata tara muna kai,
matar mai kawo mana shayi ta yi ciki ta haihu,
mu ko waƙafi ba mu haifa ba.

Wani wakili ya ce ƙofa a buɗe take.
Na fassara.
Na kusa da shi ya ce amma ba yanzu ba.
Na fassara wannan ma, da murya iri ɗaya,
don ba a biyana in yi tsaki.
Jagoran baƙin ya cire tabarau, ya goge,
ya mayar, ya sake cirewa.
Wannan ban san yadda ake fassara shi ba.

Ranar ƙarshe aka ce an ɗage zama
har sai an sanar.
Na faɗa a harsuna biyu.
A na uku, wanda na sha a nono,
sunansa sai baba ta gani.

Yanzu da hantsi ina bencin Arzika mai shayi a Mabera,
rediyo na tari a kan gwangwanin madara.
Modi mai albasa ya iso, hula a ƙeya,
buhu ɗari uku ya loda daga Gada
don kasuwar mutanen can.
"Tahinta, mi aka ciki?
Yaushe za a buɗe muna hanya?"
Na ce ana tattaunawa.
Ya ce, "Bara waccan haka ka ce.
Albasa ba ta san babi ba, malam,
kwana goma bakin iyaka, sai ta tsiro cikin buhu."

Arzika yana sheƙa shayi daga kofi zuwa kofi,
bai dube mu ba ya ce,
baƙon da aka bari tsaye a zaure,
in ya gaji da sallama,
takalminsa yake fara dubawa.
Kuma unguwa ba gida ɗaya ba ce.

Na so in ce masa na ga idon baƙon nan,
na ga randa ya fara duban takalmi,
amma na yi rantsuwar riƙe sirri,
sai na ce ƙara mini sukari.

Kulu ta rataye kwat ɗina a bayan ƙofa
cikin ledar mai wanki, da kafur a aljihu.
Duk Juma'a sai ta tambaya
ko ta fitar da shi ya sha iska.
Nakan ce bari tukuna.

Jiya bayan isha'i, an ɗauke wuta,
muna kan tabarma muna fifita da kwalin taliya,
autata Nasiba, fitilar waya a kan littafinta,
ta ɗago ta ce, "Baba,
mene ne bambancin tukuna da a'a?"

Na buɗe baki, ni da na ci abinci da harshe
tun kafin a haife ta.
Karen maƙwabta ya yi haushi, ya gaji, ya yi shiru.
Na ce ba ni wayar nan in duba,
ko an kira.