Wa Ya Yi Fiton?

Ƙarfe bakwai na yamma a Hull,
ruwa na ƙwanƙwasa taga kamar mai bin bashi.
Na turo kekunan tsofaffi gaban talabijin,
na gyara wa Dorin bargo,
na miƙa wa Sitanli shayi mai sukari biyu,
alhali likita ɗaya ya ce.

Shirin ya girme ni da shekara ashirin.
Ba launi, sai fari da baƙi da toka-toka.
Ɗan sanda ne a kan keke yana gangarowa layi,
kafin ya buɗe baki sai fito ya tashi,
siriri, kamar zaren da ake ja daga bakin tsohon zane.

A nan ake soma ta.
Dorin ta ce shi ya yi da bakinsa.
Sitanli ya ce ina, mutumin da haƙoran roba gare shi?
Wani mai gyaran famfo aka ɗauko daga Grimsby,
aka ba shi fam uku da kuɗin jirgin ƙasa,
ko sunansa ba su rubuta ba.
Dorin ta ce, kana wajen?
Ya ce, ƙanin matata ya zauna teburi ɗaya da shi.

Jiya ɗanta ya zo da furanni.
Ta dube shi sama da ƙasa ta ce, sannu, likita.
Ya fita baranda ya daɗe yana kallon wayar da ba ta yi ƙara ba.
Amma tambaye ta sunan karen da ya ɓata a kashi na tara,
ko launin ƙofar ofis a shirin da ba shi da launi,
ko shekarar da aka sauya matar mai shago
aka zaci ba wanda zai lura,
za ta kawo maka tiryan-tiryan,
ko numfashi ba ta ja.

Ina tsaye da tiren magani
sai Yaya Ilu ya faɗo mini a rai.
Shagonsa na hayar kaset a Gusau,
benci biyu, janareta mai tari,
da musun da ba a kai ƙarshensa:
muryar da ke fita daga bakin jarumar nan, ta wace ce?
Ya rantse ta wata mai awara ce a bayan layinsu,
wai ya gane ta daga yadda take haɗiye ƙarshen kalma.
Muka yi ta masa dariya har ya tashi ya kashe inji.
Bana shekara shida da rasuwarsa.
Ban taɓa bincikawa ba.

Ran nan Piriya, abokiyar aikina, ta zaro waya,
ta ce minti ɗaya ya ishe ta ta raba gardamar.
Na dafe mata hannu.
Na ce, in kin kashe musun, da me za su kai gobe?
Mutumin da sai mu biyu muke ɗaga shi
ga shi nan yana dukan ƙasa da sanda
a kan fito.

Daren Laraba ƙirji ya riƙe Sitanli, bai sauko ba.
Ɗan sanda ya gangaro da kekensa,
fito ya tashi, ya sauka,
ba wanda ya ce uffan.
Dorin ta waiga hagu, ta waiga dama,
ta kama gefen rigata:
ke, wa ya yi fiton nan?

Na ajiye tire.
Na zauna a gurbin Sitanli, wajen da iska ke shigowa.
Na ce, mai gyaran famfo ne, daga Grimsby.

Idonta ya kawo wuta.
Ta ture bargo, ta gyara zama,
ta ce, kina wajen?

Na ce, yayana ne ya faɗa mini.