Ɗigon Dalma

A goye ta kawo shi, cikin zane,
Gwaggo Tasalla, tun daga Kwarbai,
ta sauke shi kan bencina a Sabon Gari
kamar mai sauke majinyaci.
"Rediyon Malam ne," in ji ta.
"Tun da ya rasu ko tari bai yi ba."

Akwatin katako, ƙyallen fuska ya koɗe,
gilashi ɗauke da sunayen birane
da rabinsu suka sake suna.
Cindo ya miƙa hannu zai jona wuta,
na doke hannun.
Ba a tashin tsoho da ihu, yaro.
Miƙo sukundireba.

Muka buɗe baya.
Zanzaro ya yi bene jikin tiransifoma,
ɓera ya cinye rigar wayoyi, ya bar su tsirara.
Kwalabe shida tsaye, sahu guda,
kamar masu jiran liman.
Ɗaya kanta ya yi fari fat,
iska ta shige ta,
wannan ta riga mu gidan gaskiya.

Na hure, na share da gashin kaza.
Kwandansa sun kumbura suna zubar da kaki.
Na fara sauke wutar da ke kwana cikin babbar,
kunama ko ta tsufa ƙarinta na nan.
Na canza su ɗai-ɗai,
hayaƙin dalma yana cin idona.
Kwalba kuwa, sai da na tono gwangwanin maigidana
da ke ƙarƙashin gado shekara talatin,
wanda matata ke kira shara.

Na sa ƙwan fitila tsakaninsa da wutar Nepa,
in da rigima, ƙwan ya sha dukan.
Muka jira.
Ja ya soma tasowa cikin kwalabe
kamar garwashin da ya kwana a toka.
Gurnani. Shiru. Gurnani.
Murya ta leƙo, ta koma.

Kwana uku ina farautarta.
Mita ta ce lafiya lau, kunne ya ce ƙarya ne.
Na zargi lasifika, na zargi eriya,
har Cindo sai da na harara.
Ran Laraba bayan la'asar
tirela ta wuce, benci ya girgiza,
murya ta fito sarai, kalma biyu, ta ɗauke.
Af. Wani abu ne ke lilo.

Na ɗauki kara ina ƙwanƙwasa ƙafafu.
A gindin kwalba ta uku
ga ɗigon dalma, dusu-dusu,
a cure kamar kashin akuya,
ya tsage kewaye.
Na ce, wane ragon ne ya yi wannan aiki?
Na juya marfin baya, ga rubutun fensir,
kwanan wata, sannan:
"Iro, yaron Oga Bawa."

Hannuna ne.
Ina ɗan shekara sha biyar,
ƙarfe bai gama zafi ba,
ana ta hura usur a filin reluwe,
na ɗiga, na rufe, na ruga.
Shekara arba'in da ɗaya
ɗigon nan yana rufa mini asiri.

Cindo ya karanta. Bai ce uffan ba,
kafaɗunsa ne kawai ke rawa.

Na narkar da tsohuwar, na zuba sabuwa,
na bar ta ta kwanta har ta yi sheƙi.
Koren ido ya buɗe, ya tsuke,
sai ga wani daga Kaduna
yana faɗin farashin masara
da murya mai kauri, har mai shayi ya leƙo.

Gwaggo ta dawo ran Asabar.
Ta ɗora tafinta kan katako
ta jira ɗumi ya iso shi,
ta daɗe ba ta ɗauke ba.
Sannan ta kwance haɓar zane.
"Nawa?"
Na ce ta biya kuɗin kwandansa.
"Aikin fa?"
Malam ya biya tuntuni, Gwaggo.
Yau ne dai aka gama.