Mayen Ƙarfe a Shagon Arzika

Ina shekara tara na tsinci mayen ƙarfe
A cikin mushen rediyo, bayan tashar Jega.
Na ɗaura masa tsumma, na ja shi a yashin gulbi
Kamar mai jan akuyar da ta ƙi kasuwa.

Da na ɗaga, ya yi gemu.
Baƙin gari ya miƙe a jikinsa tsaye-tsaye,
Ga ƙusa, ga rabin reza, ga ƙugiyar wani masunci.
Tsakuwa da ɓawon gyaɗa kuwa, ko gaisuwa.

Na kai wa Arzika mai naɗin koyil,
Wanda bai taɓa zama a bencin boko ba.
Ya shimfiɗa takardar siminti a kansa,
Ya barbaɗa garin da ya karkaɗe daga magagari,
Ya ƙwanƙwasa da farce. Sai ga zane na fitowa.

Layuka sun bar wannan kai, sun lanƙwasa sun koma wancan,
Kamar kunyoyin gona da suka zagaye suri.
Ya ce, "Yaro, mi yaj ja su? Ka ga hannu?"
Na ce ban gani ba.
Ya ce, "Ni ma. Shekara talatin ina dubawa."

Yau ni ke kan kujerarsa.
Masu shinkafa na kawo famfon sola da ya ƙone,
Ina ƙirga zagayen jar waya da leɓe, kar a yi mini magana.
Wuta ta bi waya, waya ta zama maye,
Maye ya ture maye, ƙarfe ya kama juyawa.
Ruwan da ƙasa ta ɓoye ya hau gangare yana haki,
Da an sake shi, sai komawa.

Jiya Kulu, 'yata ta biyu, ta shigo da littafin fizis.
Ta goga biro a gashinta, ta miƙa,
Yagaggiyar takarda ta yi tsalle tun kafin taɓawa.
Ta ce, "Baba, abin da ya kewaye shi fili ake ce masa.
Duk inda ka tsaya a ciki, an riga an yanke
Inda za a tura ka, da yawan turawa.

"Lantarki na ja, yana kora, iri ɗaya ba sa shiri.
Ƙasa kuwa ja kawai ta iya, ba ta taɓa cewa tafi ba.
Ita ke kayar da mangwaro.
Wata ma faɗowa yake, kullum yana kuskure mu.
In ka ninka nisa, ƙarfin ya koma kwata,
Ya yi ta raguwa, amma ba ya ƙarewa."

Na ce, to wa ya fi ƙarfi?
Ta ɗauki ɗan maye, bai kai ɓarin goro ba,
Ta ɗaga ƙusa daga ƙasa da shi.
"Duniya duka na riƙe da ƙusar nan, da duwatsunta da tekunta,
Ka ga wanda ya ci kokawa."

Dariya ta sa ya suɓuce mata, ya rabe biyu a kan siminti.
Kowane ɓari ya tashi da kai biyu,
Ba a raba arewarsa da kudunsa, ko da guduma ake dakawa.

Arzika ya shekara shida a maƙabartar yamma.
Har yau filaya na hagu nake ajiye ta, inda yake so,
Har yau in na yi ha'inci a ƙirga, wuyana ke sunkuyawa.
Na tambayi Kulu ko wannan nisan na cikin lissafinta.
Ta buɗa littafin, ta rufe.
Ta ce malaminsu bai kai nan ba tukuna.

Sai aka kawo wuta.
Fankar da na manta ban kashe ba ta farka,
Garin ƙarfen da ke kan tebur ya watse,
Wanda ke jikin mayen ne kawai bai yarda da tashi ba,
Ya ɗan kwanta, yana rawa.