Rudu na Uku

Ranar Laraba muka buɗe rudu na uku a Tamaske,
wari ya riga mu sallama.
Buhu arba'in na albasa sun koma ruwa.
Abarshi ya ce a kori mai gadi,
shi ke nan, a tashi taro, rana ta take.

Tasalla ba ta tashi ba.
Ta ɗauki guda, ta danna wuyanta da ɗan yatsa,
ta ce: wannan tun a gona ta fara mutuwa.
Wa ya cire ta ɗanya?

Nomau ya sunkuyar da kai. Ni ne.
Mai taki ya zo ƙofata sau huɗu,
jaka sittin, ko ya tafi da injin ban ruwa.
Me ya kai ka cin bashin taki?
Kuɗin bara bai iso ba sai da damina.
Me ya tsare shi?
Kamiyo ya kwana tara a kan iyaka,
kaya ya isa Abijan ya tsiro,
dillali ya zabge rabi.
Wa ya ɗauko wannan kamiyon?

Nan Abarshi ya shiga gyaran hula.
Shi ya fi araha, in ji shi,
kuma ku kuka ce a tsuke bakin aljihu.
Gaskiya ne. Ni ma na ɗaga hannu a wancan taron.

Biro na hannuna,
na rasa sunan da zan sa
a layin mai laifi.

Tasalla ta ɗauki tsinke ta zana a ƙasa:
taki, bashi, mota, rudu,
ta ja zare daga wannan zuwa wancan
har ya zama komar masuntan Tabalak.
Ta ce: ka fizgi ƙulli ɗaya, sauran su ƙara tamkewa.
Ku nemo mini wanda ya fi sako-sako.

Ba mu gyara duka ba.
Asusu ya ranta wa mutum goma kuɗin taki
don su ƙyale albasa har ganyenta ya kwanta.
Rudu biyu kawai, gwaji.
Duk Laraba mu dawo mu shinshina,
abin da ya ƙi, mu sauya.

Mai gadi yana nan.
Daga bakin ƙofa ya yi gyaran murya,
ya ce akwai rufin da ke yoyo shekara biyu,
ba wanda ya taɓa tambayarsa.

Tasalla ta matsa masa a kan tabarma.
Na buɗe sabon shafi.